Direban da Ya Wuce Chacha Rahamat

An yi wani mutum a cikinmu, ya 'yan uwa, a zamanin da hanyar Lethem take jar laka zalla, tun daga garin Linden har bakin iyakar Brazil. Ba zan faɗi sunansa ba, domin 'ya'yansa suna raye. Tsofaffin direbobin da nake hange a sahun baya sun san shi. Su ma su kama bakinsu.

Ni ma na ja mota a wannan hanya shekara goma sha shida, kafin ciwon gwiwa ya sauke ni. Tafiyar kwana biyu ce da rani, da damina kuwa sai ta cinye mako guda. Amma wallahi har yau ina kewarta. Idan motarka ta kafe, duk wanda ya iso sai ya tsaya. Musulmi ne, Hindu ne, Kirista ne, a cikin laka launinmu ɗaya. Wani ya jawo sarƙa, wani ya shiga daji saran itace, wani ya ɗora tukunyar shinkafa da wake da madarar kwakwa. Mu ci da hannu, muna yi wa mai motar tsiya. Ba wanda ya rubuta wannan doka, kuma ba wanda yake karya ta.

Uban wannan hanya shi ne Chacha Rahamat, wato Kawu Rahamat. Tsofaffin motoci uku gare shi, irin na sojoji, kowacce ta girmi direbanta. Rabinmu shi ya ɗora mana hannu a sitiyari. In ka taka mota da ƙarfi sai ya ce, "Sannu, jarumi! Mota ba ta jin tsawa, lallashi take so, kamar matata." In lokacin salla ya yi, ƙasa kuma duk ruwa, a saman kaya yake hawa ya yi sallarsa a kan tamfol.

Mutumin nan a hannun Chacha ya koyi tuƙi, ya kuma yi masa aiki shekara tara. Chacha ne ya nema masa auren matarsa, Shafeeza. Direba ne na gaske, wannan ba zan rage masa ba.

Sai wani sabon kamfani ya buɗe a Georgetown, babban birni, da sababbin manyan motoci farare, masu sanyi a ciki. Suka ɗauke shi. Ya je sallama yana jin nauyi, Chacha kuwa ya yi dariya ya dafa shi. Ya ce, "Je ka, ɗana. Ni ma da ƙuruciya gare ni da na bi ka. In ka wuce mu a hanya dai ka rage ƙafa, kada ka yi mana wanka da laka."

Barin wani aiki zuwa wani ba laifi ba ne, ya 'yan uwa. Neman halal ne. Ku saurara ku ji inda laifin yake.

Ranar farko manaja ya ba shi riga mai tambari, ya zaunar da shi ya karanta masa doka. Ba ɗaukar fasinja. Ba tsayawa jan motar wani. Kaya su isa Lethem ranar da aka rubuta. Ya ce, "Tafiyar farko gwaji ce. Mutum goma suna jiran kujerar nan."

Ya ɗauki hanya da asuba, cikin watan Yuni, ruwa yana zuba. Ya ratsa Linden, ya ratsa Mabura, motar tana yanka laka kamar wuƙa. Abu ɗaya ne a ransa: jirgin fiton Kurupukari, wanda ke tsallakar da motoci kogin Essequibo, yana rufewa ƙarfe shida. Wanda ya makara ya yi asarar yini.

Wajen la'asar, can cikin daji, ya hango tsohuwar mota a gefen hanya ta nutse har ciki. Ya san ta tun daga nesa. Wani mutum yana tsakiyar hanya yana ɗaga hannu biyu. Compton ne, abokin tuƙin Chacha na shekara ashirin.

Compton ya kama ƙofa yana haki. "Allah ne ya kawo ka! Maciji ya sari Chacha yana tura itace ƙarƙashin taya. Labariya ce, mai mugun dafin nan, na gan ta da idona. Juya mu kai shi Mabura, akwai magani."

Mutumin nan ya leƙa. Ga Chacha zaune a jingine da taya, ƙafa ta kumbura. Da tsohon ya gane shi sai ya ɗaga hannu, har da murmushi.

Sai mutumin ya duba agogo.

Ya ce, "Akwai motar Gobin a bayana, minti ashirin ba za ta yi ba. Ita babu kaya, ta fi ni sauri."

Compton ya ce, "Kai, dube ni. Chacha ne fa!"

"Na ce maka tana tafe. Sakar mini ƙofa."

Babu wata mota a bayansa, ya 'yan uwa. Ya sani sarai, domin ya bar direban nan Gobin a Linden ana gyara masa birki. Wace irin zuciya ce wannan? Ba zuciyar mugu ba ce tun asali. Zuciyar mai tsoro ce, wanda ya manta wa ke ba da arziki.

Ya sami jirgin fito da sauran minti goma. Ya isa Lethem a kan kari, manaja ya yaba masa a waya. Chacha kuwa sai bayan awa biyar wata motar katako ta ɗauke shi. Bai kai Mabura da rai ba.

Ranar jana'izarsa motoci sun fi arba'in a jere a bakin maƙabarta. Ban ƙara ganin irinta ba.

Ba wanda ya doki mutumin nan. Ba wanda ya zage shi. Shiru kawai hanya ta yi masa. In ya shiga rumfar abinci, hira ta mutu. Anti Verna mai sayar da gurasar roti a Mabura, wadda ta saba kiransa "ɗana", ta ajiye masa kwano ba tare da ta dube shi ba. Wata rana ya ce, "Anti, yau babu barkono ne?" Ta ce, "Yi sauri ka ci, kada fito ya rufe."

Da a nan ya tafi gidan matar Chacha ya durƙusa, da ya tashi a masallaci ya ce na yi ƙarya, wallahi da an yafe masa. Mutanen hanya ba su da riƙo. Ni da kaina na ce masa haka. Ya ce, "Dokar kamfani na bi." Ya fake da wannan magana, ita kuwa ba ta rufe shi ba.

Wanda bai taɓa kurɓar barasa ba ya fara ɓoye kwalba a ƙarƙashin kujera, domin sau biyu a mako sai ya bi ta wannan wuri. Salla ta fara tsallakewa, daga baya ta tafi gaba ɗaya. A shekara ta biyu, da rana tsaka, ya hau gadar katako a karkace, motar ta kife cikin rafi. Aka ciro shi da rai, amma hannun dama ya tafi. Kamfanin nan da saboda shi ya yasar da Chacha ya aiko masa da takardar sallama tun yana kwance. Shafeeza ta yi haƙuri shekara uku da duka da buguwa, sannan ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidan yayanta can yankin Berbice.

Bara ya rasu a wani ɗakin haya bayan kasuwar Linden. Mu bakwai muka yi masa salla. Da muka fito da shi sai na ga wani tsoho a bakin ƙofa, hularsa a hannu. Compton ne. Na ce, "Kai ne nan?" Ya ce, "Ba don shi na zo ba. Da Chacha yana da rai da ya zo, shi na wakilta."

Ya 'yan uwa, matasanmu da yawa suna shiga sababbin kamfanoni yanzu, Allah ya sa albarka. Ku riƙe amanar mai aiki. Amma babu dokar manaja da ta fi ran mutum, kuma abincinka ba a hannunsa yake ba. In kuma ƙaddara ta sa kun faɗi, kada girman kai ya hana ku cewa "na yi laifi". Zunubin ya ɗauki mutumin nan minti biyu. Ƙin tuba ne ya cinye sauran rayuwarsa.

Allah ya jiƙan Chacha Rahamat. Shi ma wancan bawan, Allah ya dube shi da rahama. Mu kuma Allah ya kiyaye mu da ranar da za mu ga ɗan'uwa a ƙasa mu duba agogo. Amin.