Ilu Mai Gyara da Wayar da Ta Ƙi Tashi

An yi wani mutum a wani gari, ba zan faɗi sunan garin ba don kada wani ya ce da ɗan'uwansa nake. Sunansa Ilu. Wani bawan Allah ne mai gyaran waya a bakin tasha. Ko shago ba shi da shi, tebur ne kawai da laima da benci ɗaya. In ka wuce ta gabansa ba za ka waiwaya ba.

Ran nan da hantsi sai ga Alhaji Maikano, wani dillalin hatsi da duk kasuwa ta san shi da zafin rai. Ko sallama bai yi ba, ya dangwarar da waya a kan tebur.

"Kai mai gyara, duba min wannan tsiyar. Tun jiya take wasa da hankalina."

Ilu ya ɗauka ya duba. Ku saurara ku ji ciwon wayar nan. Ta kunna, tambarin kamfani ya fito, ta ɗan girgiza, ta mutu. Ba wanda ya taɓa ta, ta sake kunna kanta, tambari ya fito, ta mutu. Ba ta tashi ba, ba ta kuma kwanta ta huta ba.

Ilu ya cire layi da memori, bai yi ba. Ya sa ta a caji awa guda, bai yi ba. Ya buɗe bayanta ya gwada wani batirin, ta kunna, ta girgiza, ta mutu.

Bayan azahar Alhaji ya dawo. "An gama?"

"Ranka ya daɗe, ban gano matsalar ba tukuna."

"Ba ka gano ba? To me kake yi tun safe, gyangyaɗi?"

Washegari ma haka. Ya zo da safe, ya zo da rana, ya zo da la'asar, kuma duk zuwa da irin baƙar maganar da yake tahowa da ita.

Kai mai farar hula a baya, ajiye wayar nan ka saurara. Labarin irinta muke yi, ba sai ka duba ta ba.

Kada ku ɗauka Ilu dutse ne. Shi da bakinsa ya gaya wa matarsa cewa sau biyu yana ɗaga wayar nan zai maka ta da ƙasa, sai ya ajiye ya tafi ya yi alwala. Ransa ya ɓaci matuƙa. Wayar ta ishe shi, mai wayar ya fi ta isarsa.

Akwai wani mai gyara a tebur na kusa, Tukur. Ya leƙo ya ce, "Ilu, kai ma da neman wahala kake. Yi mata filashin mana, a wanke ƙwaƙwalwarta tas a zuba sabuwa. Minti ashirin ta tashi, ka rabu da masifaffen nan."

Ilu ya ce, "Duk abin da ke cikinta fa zai tafi."

"Sai ka ce masa dama ya riga ya tafi. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Kuma abin da ke ciki ba nawa ba ne da zan zubar."

Rana ta uku Alhaji ya zo a fusace. A gaban fasinjoji da 'yan kamasho ya ɗaga murya. "Na gane ka! Kayan cikinta ka kwashe ka sa tsofaffi. Duk halinku ɗaya!"

Jama'a, ɓarawo ya kira shi, a bainar mutane! Da waninmu ne nan da tuni an kama kwalar riga. Ilu ya haɗiye abin da ya taso masa, ya ce, "Alhaji, ga wayarka, ga duk abin da na kwance, ba abin da ya bar teburin nan. Akwai hanyar da za ta tashi yanzu-yanzu, amma hotuna da lambobi da saƙonni duk za su goge, ba kuma za su dawo ba. Shi ya sa ban yi ba. In ka amince, sai in yi."

Sai Alhaji ya nemi benci ya zauna.

Can ya ce, "Har saƙon murya?"

"Har shi."

"Inna mahaifiyata ta rasu wata biyu ke nan. Ba ta iya rubutu ba, murya take turo min. Na ƙarshen ya shigo ina tsakiyar awo, na ce sai anjima. Kafin anjimar aka kira ni ta cika. Tun daga ranar na kasa buɗe shi. Shekaranjiya waccan na yi ƙarfin hali zan saurara, sai wayar ta fara wannan abin."

Ilu ya ce, "Allah ya jiƙanta. Ka ba ni zuwa la'asar."

Ya sake kwance ta a hankali, yana bin ta gaɓa-gaɓa. Da ya zo kan maɓallin kunnawa sai ya ji ba ya yin ƙas ɗin nan in an danna. Ya ɗaga shi da tsinin allura. Me zai gani? Ƙurar hatsi ce da gumi suka daskare a ƙarƙashi suka danne maɓallin, kamar mutum ya ɗora yatsa ya ƙi ɗagawa. Datti, jama'a! Dattin da bai kai ƙwayar gero ba, shi ya hana mutum biyu sukuni kwana uku! Ya goge da ɗan burushi, ya mayar, ya danna. Tambari ya fito, ta girgiza, ta wuce. Ta tashi da komai nata.

Ilu ya miƙa wa Alhaji, sannan ya tashi ya koma can gefe don kada ya ji abin da ba nasa ba. Alhajin ne daga baya ya riƙa faɗa wa mutane abin da tsohuwar ta ce:

"Maikano, ni ce. An ce jiya ma ka yi wa masu dako tsawa. Ka rage faɗan nan, ka ji? Ba na so in tafi in bar ka da shi. Allah ya yi maka albarka. In za ka zo ka taho min da man zafi."

Alhaji ya rufe fuska da hannun riga. Da ya samu kansa ya taka har inda Ilu yake, a gaban mutanen da suka ji zagin, ya ce, "Malam Ilu, ka yafe min."

"Na yafe, Alhaji. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

To, abin da nake so ku riƙe shi ne: amana ba ta sauka daga wuyanka don mai ita ya ɓata maka rai. Ilu bai san akwai muryar tsohuwa a wayar nan ba lokacin da ya ƙi goge ta. Abin da ya sani kawai, kayan wani ne a hannunsa. Kai tela da aka ba ka yadi, kai makanike da aka bar maka mota, sau nawa ka bi gajeriyar hanya don kawai mai kaya ya dame ka, ka kuma rufe da ƙarya? Na gaji da jin ana cewa ai shi ya fara. Ya fara, an ji. Kai da me ka ƙare? Ranar da za a tambaye ka, ba halinsa za a tambaye ka ba, abin da ya ajiye a hannunka za a tambaya. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ko da ranmu a ɓace yake.