Dalilin da Ya Sa Ƙanƙara ke Ƙwanƙwasa Rufin Ɗaki

Dalilin da ya sa ƙanƙara ba ta sauka shiru, sai da bugun rufi, kuma da kun tsince ta sai ta zama ruwa kafin ku kai ta ɗaki, labari ne mai tushe. Ku goge hannuwanku, ku zauna in gaya muku.

A zamanin da, ƙanƙara ba tsakuwa ba ce, kuma ba da damina take zuwa ba. Da tsananin ɗari take sauka, fara fat, mai laushi kamar audugar rimi. Ba ta motsi ko kaɗan. Mutum yana ɗaki yana hira, in ya leƙa waje sai ya ga ta rufe hanya, ta rufe gona, ta hau kan rumbu ta zauna.

A kan wani tsauni akwai wani ƙauye da ake kira Tudun Barewa. Mutanen nan sun san halin ƙanƙara, sun kuma san yadda ake zama da ita. Tun kaka suke tara itace, su shanya kuɓewa da kuka, su cika rumbu. In sanyi ya kama, sai a shigar da awaki ɗaki ɗaya da mutane. Rafi yakan daskare, don haka mata sukan ɗebo ƙanƙarar a tukunya su ɗora a murhu, ta narke a samu na sha. Wuta kuwa ba a barin ta mutu. Wadda tata ta mutu, sai ta ɗauki kasko ta je maƙwabta ta ɗebo garwashi, domin babu wata hanyar kunna ta.

Suna kuma da wata al'ada da suke kira duban hayaƙi. Tun da tafiya cikin ƙanƙara wuya gare ta, ba a yawon gaisuwa. Kowace safiya mai unguwa, wani dattijo da ake kira Jatau, yakan hau wani dutse a tsakiyar gari ya bi jinkar ɗakuna da kallo. Ɗakin da hayaƙi ke fita ta samansa, lafiya lau ke nan, sai ya wuce. Wanda ba hayaƙi, sai a ɗauki galma a nufi can.

A ƙetaren rafi akwai ɗaki guda tilo, na wata tsohuwa mai suna Marka. Mijinta ya rasu da daɗewa. Ɗanta Nomau ya gangara ƙasa fatauci tun yana saurayi, bai dawo ba, ba kuma wanda ya zo da labarinsa. Daga ita sai akuyarta. Da akuyar take hira, ita take yi wa faɗa, ita take gaya wa mafarkinta.

Marka tana da ƙawa tun ta yarinta, Tasalla, wadda gidanta ne na ƙarshe a wannan gefen rafi. Da sanyin wata shekara ya gabato, Tasalla ta haye ta same ta tana tsince wake.

"Ke tsohuwar nan, tattara komatsanki mu tafi," in ji Tasalla. "Sanyin bana ba na zama kai kaɗai ba ne. Gwiwoyina sun gaya mini."

"Gwiwoyinki tun muna amare suke ƙarya," in ji Marka.

"Ga ɗaki a gidana, ga jikoki masu kawo miki ruwa. Har wannan mummunar akuyar taki na yarda ta zo."

"In Nomau ya dawo ya tarar da ƙofa a rufe, murhu a sanyaye fa?"

Tasalla ta ce, "Marka, yaron nan ba zai dawo ba."

Marka ta ajiye faifan. "To tashi ki tafi gidanki mai jikoki. Kada ki ƙara haye rafin nan saboda ni."

"Ba zan ƙara ba," in ji Tasalla. Ta ja sandarta ta tafi, ba ta waiwayo ba.

Ba a jima ba ƙanƙara ta sauka irin saukar da tsofaffin garin ba su taɓa gani ba. Marka tana ɗaki tana dama kunu, ba ta ji komai ba. Da ta tashi za ta ɗebo itace, ta tura ƙyaure, ƙyaure ya ƙi motsi. Ta sa kafaɗa, ta sa ƙafa, a banza. Ƙanƙara ta taru a ƙofar har ta kusa kai jinka, ta daskare kamar bango. Tarin itacen Marka kuwa yana waje, jikin rumbu.

Ta yi kira har muryarta ta dushe. Ƙanƙara ta shanye kiran.

Ta fara da ɗan itacen da ke ɗakin, tana sa shi sili-sili. Da ya ƙare ta sa muciya. Ta sa akushi. Ta sa taɓarya, ta fasa turmi ta sa. Kwana da kwanaki tana haka, tana shan nonon akuya da ɗan kunu, tana kasa kunne ko za ta ji ƙarar galma. Ba wanda ya zo. Daga ƙarshe ta koma zare karan gadonta. Abu ɗaya ne ba ta taɓa ba, 'yar kujerar da Nomau yake zama a kai yana yaro.

Wata safiya tana zaune tana cewa akuya, "Kin gani ko? Sun manta da mu," sai ta ji wata siririyar murya ta wata 'yar kafa a saman ƙyaure.

"Ba su manta da ke ba."

"Wa ke nan?"

"Ni ce, Ƙanƙara."

Marka ta miƙe da ƙyar. "Ashe ke ce! Me na yi miki da za ki toshe mini ƙofa?"

"Ba toshewa na zo yi ba. Na ji kina hira da akuyarki, na jingina ina saurare. Duk inda na sauka, rufe ƙofa ake yi a yi shiru. Nan kaɗai nake jin magana."

"To kin ji. Tashi ki ba ni hanya."

"Ba na iyawa. Inda na zauna, nan nake sai rana ta yi ƙarfi ta ɗauke ni, ita kuwa da sauranta. Amma ina ganin waje, ke ba kya gani. Kowace safiya Jatau yana hawa dutse ya dubi nan. Ya ga hayaƙi, ya ce Marka lafiya lau, ya sauka. Ɗazu ma ya gani."

Marka ta dubi murhu. Ta dubi inda turminta yake a da. Ashe duk abin da ta ƙona don ta rayu, shi yake gaya wa gari kada a zo.

Ta zauna ta yi tunani a tsanake. Abin da ya rage mata karan gado ne, shi kuwa kara ba ya garwashi, hayaƙi ne kawai da toka. In ta ci gaba da sawa, zai kai ta gobe ko jibi, ya ƙare, a zo a same ta ba ƙarfi ko ba rai. In ta bar wutar ta mutu yanzu, ba ta da inda za ta ɗebo wata, kuma Jatau ba zai sake hawa dutse ba sai wata safiyar. Ba ta san ko tsohon jikinta zai kai ba.

Ta ɗauki kasko ta kife a kan wutar. Tun da aka kawo ta ɗakin tana amarya, murhun nan bai taɓa mutuwa ba sai ran nan.

Ta jawo akuya jikinta, ta lulluɓa su biyu da gwado. Ɗakin ya fara sanyi. Da ɗumin ya gama fita, sai ga wani farin gari yana zubowa a hankali ta kafar ƙyaure, yana taruwa a ƙasa.

"Ban taɓa shiga ɗaki ba," in ji Ƙanƙara. "Wuta ba ta bari na."

Marka ta dube ta. Baƙo dai baƙo ne, ba a barin sa a ƙasa. Ta tura mata kujerar Nomau da ƙafa. "Zauna nan. Mai ita ya yi tafiya."

Ƙanƙara ta hau kujerar ta zauna. Ta tambayi Marka labarin mai kujerar, Marka ta ba ta, tun daga haihuwarsa har ranar da ya ɗaura kaya ya gangara. Haƙoranta suna kaɗawa, amma ba ta daina ba, don ta lura in ta yi shiru barci ke jan ta.

Can Marka ta ce, "Ke ba muguwa ba ce. Laifinki ɗaya, ba kya sallama. Wace irin baƙuwa ce za ta shigo gari, ta zauna a ƙofar mutane, ba wanda ya ji zuwanta? Da na ji motsinki, da na shigo da itacena."

"Da me zan yi sallamar? Jikina laushi gare shi. Ko a kan busasshen ganye na faɗa, ba ya ƙara."

"Sai ki dunƙule."

Ƙanƙara ta ce, "In na dunƙule zan yi nauyi. Iskar ɗari ba za ta iya ɗauka ta ba, sai dai in bi hadarin damina. Damina kuwa ƙasa da ɗumi, da na sauka zan narke. Ba zan ƙara jingina da bangon kowa in ji hira ba."

"Haka ne," in ji Marka. "Amma ba za ki ƙara rufe kowa da ransa ba."

"In na ƙwanƙwasa, za a amsa?"

"Ni dai zan amsa, muddin ina numfashi."

"To na yarda," in ji Ƙanƙara.

A can ƙetare, Tasalla ta ce ba za ta ƙara haye rafi ba, amma ba ta ce ba za ta duba ba. Kullum in ta fito ɗibar ƙanƙarar girki, sai ta saci kallon jinkar Marka, ta yi tsaki ta ce, "Mai taurin kai, tana can tana dafe-dafenta." Ran nan da la'asar ta fito, ta duba, ta murza ido ta sake dubawa. Ta yar da tukunyar.

"Jatau! Jatau! Babu hayaƙi a ɗakin Marka!"

Jatau ya leƙo daga zaurensa, ya naɗe cikin bargo har kunne. "Haba Tasalla, da idona na gani da safe."

"Da safe ka gani. Yanzu idon naka yana ina?"

"A bari gari ya waye mana, rana ta kusa faɗuwa."

Tasalla ta shiga ta ɗauko galmar mijinta, ta ɗaura tsumma a ƙafa, ta nufi rafi tana nutsewa har gwiwa. Da mazan garin suka ga tsohuwa ita kaɗai a kan daskararren rafi, kunya ta kama su, suka bi ta da galmuna da garwashi a kasko.

Suka sare ƙanƙarar, suka ɓalle ƙyauren. Suka tarar da Marka a dunƙule da akuyarta, leɓɓanta sun yi fari, ɗaki wayam ba turmi ba akushi, sai 'yar kujera ɗaya da farin abu a kai. Tasalla ta durƙusa tana murza mata hannuwa tana kuka.

Marka ta buɗe ido da ƙyar. "Ba cewa kika yi ba za ki haye ba?"

"Rufe mini baki," in ji Tasalla. "Akuyar na zo ɗauka."

Aka goya Marka zuwa gidan Tasalla. Ta rayu, ko da yake yatsun ƙafarta ba su ƙara jin taɓi ba. Tun daga ranar Jatau ya koma hawa dutse safe da yamma. Da sanyi ya wuce, Marka ta koma ɗakinta, ta sake hura murhunta.

Damina ta faɗi. Wata rana hadari ya haɗo, sai aka ji abu yana dukan jinka, ƙwas, ƙwas, ƙwas, fararen tsakuwoyi suna tsalle a tsakar gida. Mutane suka kwashi yara da kaji suka shige, suka rufe ƙofa. Marka kaɗai ta buɗe tata. Ta fito da 'yar kujerar ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce, "Maraba, maraba. Sannu da hanya." 'Yan ƙwayoyi suka faɗa kan kujerar, suka ɗan zauna, suka narke.

Ɗari ya zagayo, sama ba ta zubo komai ba. Haka wata shekarar, haka ta bayanta. An ce akwai ƙasashe masu nisa inda har yanzu take sauka da laushinta, don can ba wanda ya yi alkawari da ita. A nan kuwa ta riƙe nata.

Marka ma ta riƙe nata. Duk zuwan Ƙanƙara sai ta fito da kujera, har shekarar da ta rasu. Nomau bai dawo ba. Ɗakin ya rushe, ciyawa ta cinye wurin. Mutanen gari kuwa ba su san da wani alkawari ba, su dai sun san abu mai fasa tulu da yaga ganyen dawa.

Shi ya sa har yau ƙanƙara take zuwa a dunƙule cikin ruwan damina, ta bi gida gida tana ƙwanƙwasa rufi. Yanzu da aka koma rufin kwano ma ta fi ƙara, amma ba ta fi samun amsa ba. Manya rufe taga suke yi. Ku yara ne kawai kuke fita da gudu ku tsince ta, shi ma don ku tsotsa. In ta sake zuwa, ku bari bugun ya lafa, sannan wanda ya ɗauke ta ya ce mata sannu da hanya. Ya yi sauri, don ba ta daɗewa a hannu.