Ɓeraye Uku da Ganyen Inna

Akwai wata mai binciken magunguna, a gida Auta ake ce mata. Shekara biyu ke nan da rasuwar Innarta, amma har yau in wayarta ta yi ƙara da hantsi sai ta zabura. Lokacin ne Inna ke kira ta ji ko ta karya.

Ciwon ƙoda ne ya ɗauke Inna, cikin kwana tara kacal. Ta bar wata 'yar bishiya a bayan ɗaki, wadda take dafa ganyenta ta sha. Yayan Auta ya gaji tukunyar, kullum sai ya dafa mai kauri ya shanye, don Auta ta ce masa ganyen Inna zai ba duniya mamaki.

A ɗakin gwaji, Auta ta tatso ruwan ganyen aka riƙa ba wasu ɓeraye, wasu kuma ba a ba su ba, sannan aka yi wa dukansu allurar da ke taɓa ƙoda. Wani tsoho mai kula da ɓeraye, Baba ake ce masa, shi kaɗai ya san wanda ya sha kaɗan da wanda ya sha da yawa. Ya rubuta, ya rufe a ambulan, ba a buɗewa sai an gama aune-aune. Ƙa'idar aikin ke nan.

Sakamako ya fara fitowa. Ɓerayen da ba su sha ba, ƙodarsu ta taɓu. Waɗanda suka sha, akasarinsu sun tsira. Auta har da hawaye, ji take kamar Inna ce ta dawo.

Sai dai guda uku cikin masu shan, ƙodarsu ta fi ta kowa lalacewa.

"Baba, waɗannan ukun dama can ba su da lafiya," in ji ta. "Mu cire su daga rahoton."

"'Yata, a hannuna suka girma, har cin kowanne na sani. Garau suka shiga. Ki daure a buɗe ambulan."

Kai, Auta akwai zuciya! Mako guda ko gaisuwa ba ta yi masa ba. Shi kuwa tsohon ya ci gaba da sharar kejinsa, ko a jikinsa.

Ranar da aka buɗe ambulan, gaskiya ta fito. Ukun nan su ne suka sha mafi kauri. Nan take ta kira yayanta a waya.

"Yaya, tukunyar na kan wuta?"

"Yanzu zan sauke. Ƙamshin nan, wallahi kamar Inna na tsakar gida."

"Ka shaƙi ƙamshin, amma kada ka sha. Gobe mu je a duba ƙodarka."

Ya ce, "Auta, to ita Inna fa?"

"Ban sani ba, Yaya. Ɓera ba mutum ba ne, aikin da saura. Amma kai kaɗai ka rage mini."

Ta ajiye wayar, ta nufi wurin kejin. Ta durƙusa gaban Baba, ta fara yi masa gaisuwar da ta hana shi mako guda, sai kuka.

Darasi: Kada son abu ya sa ka goge shaidar da ba ta yi maka daɗi ba, wataƙila ita ce za ta ceci naka. Kuma abin da ake gwadawa a jikin ɓera bai zama magani ba tukuna, a tambayi likita. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu tukunya a kan wuta.