Na'urar Baɗi da Ta Kashe ta Bana

Akwai wani mai kamfani a birnin Osaka na ƙasar Japan, ana kiransa Kuwabara, wanda ke ƙera na'urar wasan bidiyo, irin wadda ake jonawa da talabijin. Sunanta Tobiuo, kuma a lokacin babu gidan da yara ba sa kukan a saya musu ita.

Sabuwar shekara ta ƙarato, lokacin da iyaye da kakanni ke sakin bakin aljihu. Kuwabara ya cika rumbunansa maƙil, domin cinikin waɗannan makonni shi ke riƙe kamfanin har wata shekarar.

Ana nan sai aka yi baje koli. Shimomura, tsohon ma'aikacinsa da ya fita ya kafa nasa kamfanin, ya nuna wata 'yar ƙaramar na'ura. Ba ta kai Tobiuo ƙarfi ba, amma jama'a suka yi ta tafi.

Da ya sauko daga dandamali, ya zo wurin Kuwabara ya rusuna. "Ranka ya daɗe, a wurinka na koya."

"Ni na koya maka ƙera akwatin abincin rana?" in ji Kuwabara. "Ina ake zuba shinkafar?"

Shimomura ya yi murmushi, ya ƙara rusunawa.

Amma tafin nan ya tsaya wa Kuwabara a rai. Da aka ba shi magana, sai ya ce, "Ku adana tafinku. Baɗi Tobiuo ta biyu za ta fito. Idan kuka gan ta, za ku ce ta yanzu abin wasan jarirai ce."

Zauren ya ɗauki sowa. Injiniyoyinsa kuwa suka sunkuyar da kai, don sun san ta biyun ba ta wuce zane a takarda ba.

Da kasuwa ta buɗe, Kuwabara ya leƙa shagon wata tsohuwa, Tsuruta, wadda ta daɗe tana sayar da kayansa. Ya tarar da kwalayen Tobiuo jibge har rufi.

"Kuwabara-san, ka zo gaida 'ya'yanka?" in ji ta. "Ga su nan lafiya lau, ko ƙuda bai taɓa su ba."

"Haba Baba, me ya faru?"

"Ni kake tambaya? Kai da bakinka ka ce ta jarirai ce."

Yana tsaye wani uba ya shigo da 'yarsa. Yarinyar ta nuna Tobiuo.

"A'a, mu jira ta baɗi," in ji uban. Da ta ɓata fuska, ya ɗauko ta Shimomura. "Ungo, riƙa lallaɓawa da wannan."

Haka aka yi a shago bayan shago. Aka yi ta mayar wa Kuwabara da kaya, masu tsara wasanni suka koma wurin Shimomura, inda yara suke. Cinikin da zai ƙera ta biyun bai samu ba, har yau ba ta fito ba. Daga ƙarshe Shimomura ne ya sayi masana'antar, ya riƙe ma'aikatan.

Ranar da ya karɓi makullai, 'yan jarida suka tambaye shi me zai fitar baɗi.

Ya ce, "Abin da ke kan kantar shago yau, shi nake sayarwa."

Darasi: Baki shi ke yanka wuya. Kada tafin da aka yi wa wani ya sa ka kushe abin da ke hannunka saboda wanda ba ka mallaka ba tukuna. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu sana'a, ko wani zai kama bakinsa.