Jinin da Aka Bari a Ƙofar Fada

Akwai wani sarki da aka taɓa yi a Tilwagar, wata 'yar masarauta a duwatsun Rajputana, zamanin da Turawa ke riƙe da Indiya. Sunansa Narpat Singh.

Maroƙan fada sun fi son su ce da takobi gidansu ya ci sarauta, amma ƙarya ce. Kakan kakanninsu a guje ya shigo dajin, ga yunwa ga rauni, mutanen dutse da ake kira Bhil suka ɓoye shi. Ranar da suka yarda ya mulke su, shugabansu ya tsaga babban yatsansa na dama, ya dangwala masa jini a goshi.

Tun daga nan, ba a zama sarkin Tilwagar sai shugaban Bhil ya sa wa mutum wannan tambari.

Narpat ya dawo daga makarantar Turawa da murɗaɗɗen gashin baki da ciwo guda ɗaya: so yake Razdan, Baturen da ke sa ido kan masarautar, ya ɗauke shi wayayye.

Mahaifinsa ya rasu. Ranar naɗinsa, tsoho Manglu, shugaban Bhil, ya shigo fada ba takalmi, bakansa a kafaɗa. Ya durƙusa, ya tsaga yatsa, ya miƙo hannu. Sai Narpat ya hango matar Razdan ta toshe hanci da ƙyalle. Kunya ta rufe shi.

"Ku tsayar da shi nan!"

Mahaifiyarsa ta yi magana daga bayan labule. "Narpat, kul! Ubanka ya fi ka taurin wuya, amma ya sunkuya wa hannun nan."

"Inna, wancan zamani ya wuce. Ba zan zauna gaban baƙi fuska duk jini kamar bunsurun yanka ba."

Ya sa malamin fada ya shafa masa jan gari a maimako. Manglu na nan durƙushe, jini na bin gwiwar hannunsa.

"Ranka ya daɗe, ai ya riga ya fito. Ina zan kai shi?"

"Kai wa 'yan uwanka birai."

Fadawa suka kwashe da dariya, har da waɗanda abin bai ba su dariya ba. Tsohon ya tashi, ya goge yatsansa a jikin ƙofar fada, ya fita.

Narpat bai daɗe a gadon sarauta ba ya hana kowa shiga daji, don damisa ta yi yawa in Razdan ya zo farauta. Ya ce duk wanda aka kama da baka a ciki, a cire masa babban yatsa, kada ya sake jan tsirkiya. Yana cin abinci ya ba da umarnin, kafin ya wanke hannu ya manta da shi.

Sai ruwan sama ya ƙi zuwa. Masara ta ƙone a gona, shanu suka riƙa faɗuwa a bakin rijiyoyi. Mutanen dutse suka koma daji neman abin sa wa a baki, dogarai kuwa suka yi ta aikinsu. Narpat bai taɓa tambayar wa aka kama ba.

Wata rana Razdan ya kira shi. Dama ya daɗe yana son ɗora wani jariri ɗan baffan Narpat a kan gadon, don mulkin ya dawo hannunsa.

"Na bincika al'adarku," in ji shi, yana kurɓar shayi. "Ina wurin ranar, ban ga jini a goshinka ba. A dokar gidanku, gadon nan babu kowa a kansa tun rasuwar mahaifinka. In bikin fitilu ya zo ba ka da tambarin, ka tattara kayanka."

Kun ji fa. Wanda ya wulaƙanta tsoho dominsa, shi ya juyo masa da wuƙar.

Narpat ya hau dutse da ƙafarsa. Ƙauyuka shiru, sai ungulaye a kan bukkoki. Ya tarar da Manglu zaune gindin wata busasshiyar bishiya, ya rame sai idanu. Tsoro ya kama sarki. Ya cire rawaninsa ya ajiye a ƙafar tsohon.

"Baba Manglu, na tuba. Ka sa mini tambarin kakanni."

"A'a, yau birai sun yi babban baƙo! Baba kuma na zama?"

Ya zaro hannun dama daga cikin tsummansa. Yatsu huɗu ne, sai dungulmi.

"Dogaranka suka ɗauka. Zomo na je nemo wa jikata."

Narpat ya ce, "To na hagu fa?"

"Na dama kakana ya ba kakanka."

"Ɗanka fa? Shi ne magajinka, ai zai iya."

Manglu ya nuna wani tulin toka a bakin busasshen rafi, inda suke ƙona gawawwakinsu. "Ga shi can, shi da jikar tawa. Je ka tambaye shi." Ya ture rawanin da ƙafa. "In jinina kake so, na bar maka shi a ƙofarka."

Bikin fitilu ya zo, aka ɗora jariri da jan garin malami, kuma babu wanda ya ƙara jin Razdan ya ambaci al'ada. Sarautar gidan ta zama suna kawai.

Da sojoji suka fito da Narpat za su kai shi jirgin ƙasa a fitar da shi daga masarautar, ya ja ya tsaya a ƙofar fada. Tabon na nan, ya yi baƙi ƙirin. Ya manna goshinsa a jiki, ya goga, ya sake gogawa yana kuka, har fatar ta saluɓe. Jinin da ya fito a goshinsa nasa ne.

Darasi: Kada ka wulaƙanta hannun da ya ɗaga gidanku don ka burge baƙo. Ranar da za ka koma nemansa, wataƙila kai da kanka ka riga ka yanke shi. Ku tura wa duk wanda ya fara jin kunyar mutanen da suka tsaya masa.