Tudun da Injiniya Ra'afat Ya Kankare

Ƙawata Nadiya, ki nemi wuri ki zauna, ki karanta wannan a tsanake. Kin san da littattafan 'ya'yana na koyi karatu bayan na girma, don haka ki yi haƙuri da rubutun. Jiya a waya kin ce maigidanki yana ta faɗa a kan tudun rage gudu da aka yi a layinku, har yana neman a cire. Maganar ta tsaya mini a rai. Akwai abin da na gani da idona shekara huɗu ke nan, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Injiniya Ra'afat Shukri maƙwabcinmu ne a Unguwar Zaitun, a bayan garin Alƙahira. Ɗan kwangilar gine-gine ne, hannunsa a sake yake, kuma yana son mahaifiyarsa kamar ransa. Aibinsa ɗaya ne: bai iya jira ba. Gidansa ne na ƙarshe, daf da masallaci, kuma daga ƙofar unguwa zuwa can titi ɗaya ne miƙaƙƙe, gidaje sittin hagu da dama. Yakan yi alfahari cewa sakan arba'in ke kai shi daga gaban maigadi zuwa ƙofar gidansa.

A cikin Sha'aban na waccan shekara wata mota ta ture mai kawo mana burodi daga kan kekensa, ya gurje gwiwa. Sai Malam Fikri, tsohon shugaban makaranta wanda ke riƙe da ƙungiyar masu gidaje, ya kira taro a ɗakin da ke gefen masallaci. Ya ce azumi na ƙaratowa, kowa kuma ya san yadda direbobi ke zama idan rana ta kusa faɗuwa. Shawararsa ita ce a yi tudu uku a kan titin.

Ra'afat ya yi dariya tun kafin ya gama.

“Malam Fikri, kai da motarka ba ta wuce gudun jaki, me tudu zai rage maka?”

“Jakin nan shekara ashirin yana kai ni gida lafiya, Injiniya.”

“To ni ba jaki na saya ba. Motata cikinta a ƙasa yake. Na biya kuɗin gida a unguwa mai katanga don in huta da ramukan gari, yanzu ku ce za ku gina mini dala uku a hanya?”

Wani daga baya ya ce, “Ai sai ka kira masu yawon buɗe ido su zo kallo.” Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Amma da aka ce a ɗaga hannu, mutum arba'in da ɗaya suka yarda, bakwai suka ƙi. Cikin mako guda aka zuba tudun, aka shafa musu fenti ruwan ɗorawa.

Kwana uku Ra'afat ya yi yana hawa su. Duk hawa sai cikin motar ya gogi kwalta, ya ji ƙarar har cikin haƙoransa. A rana ta huɗu ya je hukumar gunduma ya bincika, ya gano ƙungiya ba ta nemi izini ba. Da hantsin Talata, maza duk sun tafi aiki, ya kawo katafilar kamfaninsa da lebura biyu. Kafin azahar babu tudu ko ɗaya. Abin da ya rage shi ne tabo uku a kan titi, da tsakuwa a warwatse, don bai tsaya an share ba. Wani aikin yana jiran leburorin.

Da yamma Malam Fikri ya same shi a ƙofar gida.

“Injiniya, abin da jama'a suka haɗu suka yi ka rushe?”

Ra'afat ya miƙa masa takardar da ya karɓo daga hukumar gunduma. “Doka ce ta rushe, Malam. Kai ka koya wa yara bin doka, ko ka manta?”

Malam Fikri ya karanta, ya ninke, ya mayar masa. “Takardarka daidai take. Allah ya sa kada ta karanta kanta a kanka wata rana.”

Neman izini kuwa sai ya ɗauki watanni, ga azumi ya kama. Mu matan layin muka ce ba za mu zauna jiran hukuma ba. Muka yi abin da ake yi a manyan hanyoyi tun muna yara: muka fitar da tebur a tsakiyar layin, daidai tabo na biyu, da dabino da ruwan tsamiya mai sanyi a ƙananan kofuna. Idan magariba ta kusa, duk motar da ta shigo sai ɗayarmu ta ɗaga kofi. Direba ya tsaya, ya karɓa, ya yi addu'a. Wanda abin buɗe bakinsa ke hannunsa, gudun me zai yi kuma? Dabarar ta ci kowa, har masu baburan kai abinci. Ra'afat kaɗai ta kasa ci. Shi tun daga ƙofa yake danna hon, 'yan matanmu su yi tsalle su koma gefe, ya wuce kamar iska yana ɗaga mana hannu.

A wannan azumin mahaifiyarsa, Hajiya Ihsan, ta zo daga ƙauyensu na wajen Mansura. Ana ce mata Hajiya ne don girma, amma ba ta taɓa taka ƙasa mai tsarki ba. Shekararta saba'in da huɗu, kunnenta ya yi nauyi, ƙafarta kuwa garau. Ra'afat ya yi mata alkawarin Umara a goman ƙarshe, su biyu. Ranar ashirin ga wata za su tashi. Ta riga ta ɗinka fararen kayanta, kuma kullum bayan asuba takan zagaya lambun gidan sau bakwai, wai tana gwada ƙafa don ɗawafi.

Zaman gida ya ishe ta. Da ta hango teburinmu ta taga, sai ta ce wa ɗanta za ta fito.

“Mama, ke? A titi, kamar mai talla? Me mutane za su ce?”

“Za su ce ga tsohuwa tana neman lada. Da ubanka yana da rai, buhun dabino yake kaiwa bakin hanya.”

“Can ƙauye ne, Mama. Ki zauna ki huta, ki tattala ƙafarki.”

Ta ce to. Amma da yake kullum sai daf da kiran salla yake dawowa, ta riƙa fitowa bayan la'asar ta taya mu jera kofuna, ta koma gida kafin ya shigo. Bai sani ba.

Ranar sha bakwai ga wata Ra'afat ya makara fiye da kullum. Ya tsaya karɓar fasfo ɗinta da biza a ciki, sannan ya biya ya sayi faifan kunafa mai zafi, kayan zaƙin nan da take so. Daga baya ya faɗa wa matarsa, ita kuma ta faɗa mini, cewa duk hanya abu ɗaya yake hange: zai ajiye fasfon a gefen kwanon miyar lalo, ya ga fuskarta. Yana so ya riga ladan. Da maigadi ya ɗaga masa ƙarfen ƙofa, saura minti biyu a kira salla.

A wurin tebur kuwa mata duk sun ruga gida don sauke tukwane. Daga ni sai Hajiya Ihsan, wadda ta tsaya taya ni tattara kaya. Ta hango mota, rana ta kashe mata ido, ba ta gane ta ba. Ta ce, “Ga wani bawan Allah ya makara.” Ta ɗauki kofi da dabino ta sauka kan titi.

Ra'afat ya ga mace cikin baƙar abaya kamar sauran. Ya danna hon, yana jiran ta yi tsalle kamar yadda aka saba yi masa. Ba ta ji ba. Ya taka birki. Da a kan kwalta mai kyau ne, watakila da motar ta tsaya. Amma tayoyin sun hau tsakuwar da ya bari a kan tabon, motar ta zame, gefenta ya bugi tsohuwar a ƙugu, ta faɗi.

Ya fito yana huci. “Makauniya ce? Wa ya ce ki tsaya a tsakiyar...”

Sai idonsa ya sauka a kan takalmi ɗaya da ya faɗi gefe. Farin takalmi ne mai taushi, wanda shi da kansa ya saya mata don tafiyar Umara. A daidai lokacin ladan ya ɗaga murya.

Ya durƙusa, yana ta cewa “Mama, Mama.” Ita kuwa ta dube shi, zufa na keto mata, ta buɗe tafin hannunta. Dabinon yana nan, ya ɗan lotse.

“Ungo. An kira salla. Buɗe bakinka.”

Muka ji ƙofofi suna buɗewa. Ta kama hannuna ta matse da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba.

“'Yata, zamewa na yi. Ruwan tsamiya ne ya zube na taka. Kin ji ko?”

Kin san ni da ƙarya ba ma shiri, Nadiya. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Da mutane suka taru, ita ta yi bayani da bakinta, ta ce Allah ne ya kawo ɗanta a kan lokaci. Aka yi ta sa masa albarka yana ɗauke da ita zuwa mota.

Ƙashin ƙugu ya karye. An yi mata aiki, ta yi wata biyu a kwance. Ranar ashirin ga wata jirgi ya tashi babu su. Da ta miƙe, da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu ta miƙe, daga gado zuwa taga. Likita ya hana ta doguwar tafiya a wannan shekarar. Ra'afat ya sayi keken guragu, ya ce baɗi zai tura ta da hannunsa ta yi ɗawafi. Ta ce, “In da rai.” A Sha'aban na gaba Allah ya karɓi abarsa.

Mako biyu bayan Sallar shekarar da abin ya faru, shi da kansa ya bi takardar izini ofis-ofis har ta fito. Ya kawo katafilar nan da leburorin nan, ya zuba tudu huɗu, ya tsaya a rana har aka share tsakuwa ta ƙarshe. Ya sayar da motar. A taron ƙungiya Malam Fikri ya miƙe ya ce, “Jama'a, ku taya ni gode wa Injiniya. Mutum ne mai komawa ga gaskiya.” Aka tafa. Ina daga layin mata ina kallonsa. Bai ɗaga kai ba, kuma na san da zagi aka yi masa da ya fi masa sauƙi.

Har yanzu duk azumi shi ke kawo buhun dabino, shi ke tsayawa a bakin tebur da kofi a hannu. Idan wani saurayi ya taho da gudu, ba ya yi masa tsawa. Yakan leƙa ta taga ya ce, “Ɗana, wa ke jiranka a gida?” Matarsa ta ce fasfon yana cikin aljihun tebur ɗinsa, tare da takalmin.

Darasin da na ɗauka shi ne, titin unguwa tsakar gida ce ta kowa, kuma wanda ke tsaye a kai uwar wani ne ko ɗan wani, wata rana naka. Abin da maƙwabta suka haɗu suka yi don kare rai, kada mutum ya rushe shi don jin daɗin kansa, ko da takarda ta ba shi gaskiya. Ra'afat ya yi gudun minti biyu don ya faranta wa mahaifiyarsa, sai gudun ya raba ta da abin da ta jira shekara saba'in. Gaggawa daga Shaiɗan take, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ki ba maigidanki darasin, Nadiya, amma ki riƙe sunayen a cikinki. Tsohuwar ta rufa wa ɗanta asiri da ƙashinta a karye, ba ni ce zan tona ba. Don Allah kada ki faɗa wa kowa, kuma idan kin gama karantawa ki yaga takardar.