Ɗakin Gadin Loko

Ku saurara, in na gama sai ku yi hukunci.

A wani gari na bakin layin dogo akwai babbar rumfar ƙarfe da ake kira Loko, inda a da ake gyaran kawunan jiragen ƙasa. Da jirage suka daina zuwa aka sallami ma'aikata, wurin ya yi shekara ashirin a rufe. Daga baya aka bai wa masu casar shinkafa. Dogayen ramukan da makanikai ke shiga ƙarƙashin jirgi aka rufe su da katako, aka zuba ƙasa, aka manta da su. Cikin tsofaffin ma'aikata Baba Tanimu kaɗai ya rage, yana gadi.

Wata safiya da damina katakon ya rufta da shi, buhunan shinkafa suka bi shi suka danne masa ƙafafu. Injina na ruri, ba wanda ya ji ihunsa. Ruwa kuwa yana taruwa a ramin.

Iya Lantana mai abinci tana zaune kan tsohon dogo sai ta ji ana dukan ƙarfen, uku-uku. Tun tana budurwa take sayar da tuwo a Loko, ta san haka makanikai ke sanarwa akwai mutum a ƙasa. Ta miƙe ta ce, "Ku kashe injin! Akwai mutum a rami!" Wani ya ce, "Iya, tsufa ne." Ta je da kanta ta kashe.

Buhunan sun jiƙe, hannu ba ya iya ɗaga su, kuma duk wanda ya matsa ƙasa na zabtarewa. Sambo mai walda ya hau rufi, ya kwance tsohuwar sarƙar ɗaga inji da tsatsa ta cinye, ya yi ta zuba mata baƙin mai har ta motsa. Tafin hannunsa duk ya saɓule.

Sai dai dole wani ya ɗaura sarƙar daga ƙasa. Jatau ɗan dako ya bi ta magudanar ruwa da rarrafe, ya tallafe kan tsohon da ruwa ya kai wa haɓa, ya ɗaura buhunan ɗaya bayan ɗaya.

An fito da Baba Tanimu da rai, amma bai sake takawa ba. Hukuma ta ce wurin ba shi da aminci, ta rufe shi. Su ukun duk suka rasa wurin neman abinci. Abin da aka bari a buɗe shi ne ɗakin gadi na bakin titi, wanda aka mallaka wa tsohon, kuma sana'ar mutum ɗaya kawai zai ɗauka.

Da ciwo ya tsananta ya ce wa 'yarsa, "Ɗakin nan a bai wa wanda ya cece ni." Ta ce, "Baba, wanne daga ciki?" Bai amsa ba har ya cika.

To, ku da kuka ji, wa za ta miƙa wa mabuɗin?